Fina-finan Marvel Shida Masu Dogon Zango: Wanne Ya Cancanci Cajin Wayarka?

  

Yau filin namu na kallo ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tura fina-finai ranar kasuwa ya san yadda ake yi. Za ka miƙa memori, ya ce maka akwai sabo, akwai mai zafi, ya cika maka ita, ka biya. Sai ka koma daji, ka ƙona cajin da ka wahala kafin ka samu, sannan ka gane an yi maka awon ƙaiƙayi. Mai jiran a buɗe hanya a bakin iyaka ma haka ne, dare biyu ko uku yana kwance gefen mota, ba abokin hira sai waya. Kuɗinka ne, cajinka ne, lokacinka ne. Saboda haka muka ɗauko wasu fina-finai shida masu dogon zango, 'yan gida ɗaya, za mu jera su daga na baya zuwa na gaba, domin in ka je saye ka san abin da za ka nuna da yatsa.

Asalin gidan

Marvel kamfani ne na Amurka da ya yi suna wajen buga littattafan labari na zane, labaran sadaukai masu wata baiwa da sauran mutane ba su da ita. A 2009 kamfanin Disney ya saye shi a kan kuɗi kusan dala biliyan 4, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa ba. A 2013 Marvel ya ƙulla yarjejeniya da Netflix, masu haska fina-finai ta intanet, aka shirya waɗannan labarai shida, suka fito tsakanin 2015 da 2019. Sunayensu Daredevil, Jessica Jones, Luke Cage, Iron Fist, The Defenders da The Punisher.

Abin da ya sa muka kira su 'yan gida ɗaya shi ne, duk a birnin Niyok labarin yake, kuma mutanen ciki suna shiga gidajen juna. Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Claire Temple, wadda ita ke ɗinke raunin jarumai a ɓoye, ta fito a biyar daga cikin shidan. In ka haɗa su duka, zango 13 ne, kashi 161. Tsawonsu ya haura awa 130, wato sama da kwana biyar dare da rana ba ƙiftawa. Wa ke da wannan lokaci alhali ga garke yana jira? Dole a zaɓa.

Mudun da muka auna da shi

Mai sayen sa ba ya tsayawa a kan tsawon ƙaho. Yakan duba haƙori, ya duba ƙafa, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Mu ma abu uku muka duba. Na farko, akta: me yake tsoron ya rasa? Jarumin da ba ya jin ciwo, ba shi da abin asara, ba ya sa gaban mai kallo ya faɗi. Na biyu, bos: mutum ne mai dalili, ko kuwa dodo ne kawai aka ajiye don a kashe shi a ƙarshe? Na uku, tafiyar labari: yana ci gaba, ko yana zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke? Ku riƙe wannan, domin za ku ga abin mamaki. Wanda ya fi kowa dukiya da sihiri shi ne na ƙarshe, wanda ya fi kowa shan duka shi ne na ɗaya.

Na shida: Iron Fist

Ya fito a watan Maris na 2017, zango 2, kashi 23. Labarin Danny Rand ne, ɗan wani hamshaƙin attajiri. Jirginsu ya faɗi a tsaunukan Himalaya yana yaro, iyayensa suka salwanta, wasu masu zaman kaɗaici a wani ɓoyayyen gari mai suna K'un-Lun suka raine shi, suka koya masa faɗa. Bayan shekara 15 ya dawo Niyok ba ko takalmi, yana neman gadon ubansa, da wani dunƙulen hannu mai haske wanda ke fasa ƙarfe.

A baki labarin da daɗi. A ido kuwa sai a hankali. An ce mana wannan shi ne gwanin faɗa na duniya, amma faɗan nasa ba ya gamsarwa, ana ta yanyanka hoton don a ɓoye rauni. Rabin zangon farko kuma a ofis ake cinye shi, ana gardamar hannun jari. Ga shi aktan kullum cikin gaya wa mutane ko shi wane ne, kamar sabon mai sarauta da bai saba da rawani ba. Waɗanda suka riƙe fim ɗin ma na gefe ne: Colleen Wing, mai koyar da faɗan takobi, da Ward Meachum, ɗan abokin kasuwancin uban Danny, wanda tsoron ubansa ya hana shi sakat. Gaskiya zango na biyu, na 2018, ya gyaru, an rage shi zuwa kashi 10, faɗan ya yi kyau. Amma mai ƙaramar memori ya wuce kawai.

Na biyar: The Defenders

Wannan shi ne taron dangi. A watan Agusta na 2017 aka haɗa jarumai huɗu, Daredevil, Jessica, Luke da Danny, cikin kashi 8 kacal, domin su yaƙi wata tsohuwar ƙungiyar asiri da ake kira The Hand. An ɗauko babbar 'yar wasa Sigourney Weaver aka ba ta shugabancin ƙungiyar.

Kowa ya sa rai, domin shekara biyu ana share fage. Amma huɗun nan ba su haɗu wuri ɗaya ba sai ƙarshen kashi na 3, kusan rabin tafiya ke nan. Wurin da ya fi daɗi shi ne kashi na 4, inda suka ɓuya a wani gidan abinci na 'yan Sin, suna ci suna yi wa juna gatse, kowa bai yarda da kowa ba. Matsalar tana wajen abokan gaba. Me suke nema? Ƙasusuwan wani dodo da ke binne ƙarƙashin birni, wai don su daɗe ba su mutu ba. Wa wannan ya dama? Ba gidan talaka aka ƙwace ba, ba ɗan wani aka sace ba. Bahaushe ya ce taron tsintsiya ba shara, to kusan haka aka yi. Abin da ya ɗaga shi sama da Iron Fist shi ne gajarta, da kuma daɗin ganin huɗun tare.

Na huɗu: The Punisher

Zango 2, kashi 26, na farko a watan Nuwamba na 2017, na biyu a Janairun 2019. Frank Castle tsohon sojan Amurka ne da ya yi yaƙi a Afganistan. Ba shi da wata baiwa, daga bindiga sai taurin rai. An kashe matarsa da 'ya'yansa biyu a gabansa a wani filin shaƙatawa, shi kuma ya sha alwashin ba zai kai kowa kotu ba, kabari zai kai su. Jon Bernthal ne ya hau wannan matsayi, kuma ya iya. In ya yi shiru ma sai ka ji nauyin abin da ke cikin ƙirjinsa.

Zangon farko yana da nama. Ya tono yadda wasu manyan jami'ai suka yi ta safarar miyagun ƙwayoyi daga Kandahar, suka kashe duk wanda zai iya fallasa su. Ya nuna sojojin da suka dawo gida da jiki lafiya amma barci ya gagare su. Ga kuma cin amanar Billy Russo, aminin Frank, wanda suka ci kwano ɗaya a fagen daga. Zango na biyu ya raba hankali gida biyu, labari biyu ne aka ɗinke su da zare mara ƙwari.

A nan sai mun ɗan tsaya, 'yan'uwa. Mu mutanen wannan yanki ba a fim muka san ramuwar gayya ba. Mun ga inda rigimar gona ɗaya ko saniya ɗaya ta cinye ƙauye da rugga. Matashi zai iya kallon Frank ya ce ga namiji. Amma ku duba da kyau: bayan duk gawawwakin da ya tara, ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa bai dawo ba, ba shi da gida, ba shi da barci. Wanda ya kalla da hankali zai ga haka. Wanda ya kalla don ƙarar bindiga kawai ba zai gani ba. Shi ya sa muka ajiye shi na huɗu, kuma cikin shidan nan shi ya fi zubar da jini.

Na uku: Luke Cage

Ya fito ƙarshen Satumba na 2016, zango 2, kashi 26. In da a nan ne, da sai a ce ɗan tauri. Luke baƙin mutum ne da aka ɗaure a kan laifin da bai yi ba. A kurkuku aka yi wani gwaji a jikinsa, fatarsa ta koma ba ta jin wuƙa, ba ta jin harsashi. Ya gudu ya ɓuya a Harlem, unguwar baƙaƙen fata mai tsohon tarihi a Niyok, yana sharar gashi a shagon wani dattijo mai aski, yana wanke-wanke a gidan rawa. Ba ya son suna, ba ya son rigima. Sai da aka harbe dattijon nan a cikin shagonsa sannan ya miƙe.

To ga tambaya: mutumin da harsashi ba ya huda shi, me zai rasa? Masu fim ɗin sun ba da amsa mai kyau. Harsashin da ya taɓa shi ya yi tsalle, wani zai samu. Ba jikinsa ake ji wa tsoro ba, unguwarsa ake ji wa. Kashi bakwai na farko suna cikin mafi kyawun abin da gidan nan ya yi, saboda bos ɗin, Cottonmouth, dillalin makamai mai gidan rawa, wanda tun yana yaro kiɗa yake so amma danginsa suka tura shi harkar banza. Mahershala Ali ne ya fito a matsayin, mutumin da daga baya ya ci kyautar Oscar sau biyu, a 2017 da 2019. Tare da shi akwai 'yar'uwarsa Mariah, kansilar unguwa, mai wanke kuɗin haram da sunan aikin gayya.

A kashi na 7 aka cire Cottonmouth daga labarin, daga nan kuwa miya ta tsinke. Wanda ya gaje shi, Diamondback, ɗan uban Luke ne, kuma 'yan ubanci abu ne da kowa a nan ya san zafinsa, amma an mai da shi mai surutu da zare ido kawai. Zango na biyu ya farfaɗo da zuwan Bushmaster, mutumin Jamaika da ya zo karɓar haƙƙin iyayensa da dangin Mariah suka cinye. Shi kam ka san yana da gaskiya ko da hanyarsa ba ta da kyau.

Na biyu: Jessica Jones

Zango 3, kashi 39, daga Nuwamba 2015 zuwa Yuni 2019. Jessica mace ce mai ƙarfin ɗaga mota, tana zaman kanta a matsayin mai bincike, a biya ta ta gano wa mutum abin da aka ɓoye masa. Krysten Ritter ce ta fito a matsayin. Ga ƙarfi, amma ƙarfin bai hana a zalunce ta ba.

Bos ɗin zangon farko, Kilgrave, wanda David Tennant ya hau, ba ya ɗaga hannu ya doki kowa. Baiwarsa a baki take. Duk abin da ya ce ka yi sai ka yi, kana kuka kana yi. Ya taɓa riƙe Jessica wata da watanni tana yi masa biyayya ba da son ranta ba, har ya sa ta kashe matar Luke Cage. Sannan ya sa wata yarinya 'yar makaranta ta harbe iyayenta. Yanzu ga yarinya a kurkuku, ga Jessica ta san gaskiya, amma wane alƙali zai yarda cewa magana kawai ta sa mutum kisa? In ta kashe Kilgrave, shaida ta tafi, yarinya ta dawwama a ɗaure. In ta bar shi, wasu za su mutu. Kun ji inda labari yake. Abin da ya fi ban tsoro kuma, shi a ransa bai yi laifi ba, cewa yake son ta yake yi. Duk wanda ya taɓa ganin mai iko ya tauye na ƙasa da shi sannan ya ce taimakonsa yake yi, zai gane wannan mutum.

Zangon ya ci kyautar Peabody, wadda ake ba fitattun shirye-shiryen rediyo da talabijin a Amurka. Akwai masu cewa shi ya kamata ya zo na ɗaya, kuma in zango ɗaya ake aunawa da zango ɗaya, ba za mu yi musu da su sosai ba. Amma na biyu da na uku ba su kai shi ba, sun yi ta jan ƙafa. Kuma a sani, Jessica ba ta rabuwa da kwalba, akwai kuma wuraren da ba a kallo gaban surukai.

Na ɗaya: Daredevil

Shi ne ɗan fari, ranar 10 ga Afrilu 2015, zango 3, kashi 39. Matt Murdock makaho ne. Yana ɗan shekara tara wani ruwan guba ya zube masa a ido lokacin da ya ture wani tsoho daga gaban mota. Ido ya tafi, amma ji da shaƙa da taɓawa suka ƙaru, har bugun zuciyar mutum yana ji ya san ko ƙarya yake yi. Ubansa ɗan dambe ne, aka kashe shi don ya ƙi yarda a saye shi ya faɗi da gangan. Da rana Matt lauya ne, shi da abokinsa Foggy suna tsaya wa talakawan unguwar Hell's Kitchen, wasu ma da abinci suke biyansu. Da dare sai ya ɗaure fuska da baƙin ƙyalle ya fita. An ce in makaho ya ce a yi wasan jifa, to ya taka dutse.

Me ya sa ya wuce saura? Na farko, jikinsa irin namu ne. A kashi na 2 cikin kwandon shara aka tsince shi jina-jina. A ƙarshen wannan kashi akwai faɗan da ya yi a wani lungu don ceto yaron da aka sace, kusan minti uku ana ɗauka ba ka ga inda aka yanke ba. Yana duka yana haki, yana jingina da bango, wanda ya kayar yana sake tashi. Ka san wannan mutum zai iya mutuwa.

Na biyu, bos. Wilson Fisk, wanda Vincent D'Onofrio ya fito a matsayinsa, ƙaton mutum ne mai magana a hankali, mai jin kunya gaban matar da yake so. Ya yi imani gyaran unguwa yake yi: a kori talakawa daga tsofaffin gidaje, a rushe, a gina sababbi. Ya sayi 'yan sanda, ya sayi 'yan siyasa, ya sayi 'yan jarida. An nuna mana yarintarsa da irin uban da ya tashi a hannunsa, har ka kusa tausaya masa, sai kuma ka ga abin da ya yi wa wani da ƙofar mota don kawai ya kunyata shi.

Na uku, tambayar da ke cin Matt. Shi mai addini ne, Kirista ɗan Katolika, yana zuwa wajen limaminsu da damuwa ɗaya: in doka ta zama ta mai kuɗi, ya halatta in kashe azzalumi? A zango na biyu, kashi na 3, Frank Castle ya ɗaure shi da sarƙa a saman wani bene suka yi ta wannan gardama, ɗaya na cewa a kawar da mugu, ɗaya na cewa ba ka da ikon yanke wa mutum ƙofar tuba. Ba a busa wa kowa ƙaho ba, an bar mai kallo ya auna. Gaskiya rabin ƙarshe na zangon nan ya yi rauni da aka shigo da 'yan The Hand. Amma zango na uku, na Oktoban 2018, ya dawo da Fisk, ya nuna yadda mutum yana tsare amma yana juya masu tsaronsa ɗaya bayan ɗaya. Wata guda da 'yan kwanaki bayan fitowarsa Netflix ta dakatar da shirin, yana kan ganiyarsa.

In za ka saya

Mai ƙaramar memori ya ce a sa masa Daredevil zango na ɗaya, sai Jessica Jones zango na ɗaya, sai Daredevil na biyu, sai Luke Cage na ɗaya, sai Daredevil na uku. A haka suka fito, a haka labarin zai zauna maka. In ka tsallake The Defenders, abu ɗaya kawai kake buƙatar sani: a ƙarshensa bene ya rufta da Matt, kowa ya ɗauka ya mutu, daga nan zango na uku ya tashi.

A kula da sunaye, domin akwai masu kama da juna. Akwai fim ɗin Daredevil na 2003 da Ben Affleck ya yi, akwai The Punisher na 2004, waɗannan gajeru ne, ba su cikin wannan gida. Akwai kuma Daredevil: Born Again da Disney+ ta fara haskawa a Maris na 2025, da Charlie Cox ɗin nan dai da ya fito a Matt tun farko. Shi ci gaba ne, kada a ba ka shi a matsayin mafari. Kafin ka biya, ka sa a buɗe maka kashi na farko da na ƙarshe, ka ƙirga su. In an ce maka zango ya cika, kashi 13 ne, ban da Iron Fist na biyu mai 10 da The Defenders mai 8.

Sai magana ta ƙarshe ga iyaye da su Ardo. Duk shidan nan a can Amurka ma lambar manya aka sa musu. Ganin an ce labarin zane ne kada ya ruɗe ku, ba na yara ba ne. Wayar da ke ɗauke da su kada ta kwana hannun ƙaramin yaro. Wanda kuma ke bayan shanu ya bari sai an ɗaure su da dare, domin kashi ɗaya kusan awa guda ne, awa guda kuwa ta ishi garke ya share gonar gero, a wayi gari ana gaban mai gari ana lissafin ɓarna.

Wanda bai yarda da wannan jeri ba, ƙofa a buɗe take, ya aiko mana da nasa da dalilinsa, za mu karanta a fili. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya sa albarka a garke. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.